Tulun da Zuma Ta Zaɓa

Matso nan kusa, ja tabarmar ka zauna in ba ka labarin wancan kaskon da ke gindin gadona. Ka gan shi baƙi ƙirin da hayaƙi, ko a juji ka tsince shi ba za ka duƙa ba. To, da can tulu ne, tulun mahaifiyata. Yadda anka yi ya koma kasko shi za ka ji.

Zamanin Nasara ne, lokacin da in mota ta wuce sai a kwana biyu ana zancenta. Daga Wurno anka kawo ni Goronyo, gidan Gwaggo, yayar babana. Ɗanta na fari shi ne mijina, ka ga taubashina ke nan, wanda tun muna ƙanana nake ɓoye masa takalmi. Aure bai kashe wasan da ke tsakaninmu ba, ya dai sa muna rage murya in da baƙi.

Inna ba ta ga bikina ba, shekara guda kafin nan Allah ya karɓi abarsa. Abin da ta bar mini da za a ce nata ne na kanta shi ne tulun nan. Ja ne, mai dogon wuya, bakinsa ƙanƙane, hannun babba ba ya shiga. Kowace Juma'a takan wanke shi, ta kife shi bisa garwashi da kajiji har hayaƙin ya ratsa shi, sannan ta jefa saiwar jema ta zuba ruwa. Maƙwabta kan shigo gidanmu da sunan gaisuwa, alhali ruwan tulun Inna ya kawo su.

Ranar da anka kawo ni, jakin da ke ɗauke da kayana ya goga shi a jikin wani itace. Tsaga ce siririya kamar gashi, daga kafaɗa zuwa ciki, amma ta isa. In an zuba ruwa da safe, kafin azahar yana ƙasa. Duk da haka ban fasa turara shi ba kowace Juma'a. Gwaggo takan tsaya ta dube ni ta ce, "Ɗiyar ƙanena, tulun da ba shi riƙe ruwa kika yi ma turare kamar amarya? Ni da nika riƙe gidan ga ko sau guda ba ki turara ni ba."

Da wata akuya ta kusa ƙarasa mini shi, sai na sa anka ɗora shi a kwance cikin gwafar kurnar da ke bayan ɗakina, na rufe bakinsa da wani tsohon faifai da gara ta huda.

Shi kuwa Maigida manomin albasa ne a fadama, kuma ya iya. Sai wata rana ya dawo daga kasuwar Achida da labari. Wai a kantin Turawa ana sayen kakin zuma, ka sayar da kakin, zumar kuma ta rage taka. A cikin makon ya saƙa amya biyar. In ba ka san amya ba, dogon kwando ne na ciyawa, a yaɓe shi da kashin shanu, a turara shi, a ɗora bisa itace a jira ƙudan zuma su ga dama. Ya jera su cikin rumfar albasa don su bushe, da ma can ne kaɗai awaki ba su shiga. Da sunka bushe ya ɗora uku a fadama, biyu a kurnar nan ta bayan ɗakina, dab da tuluna.

Shekara biyu muna jira. Kada ka ce ba a samu masu shiga ba. Ta farko ƙadangare ya kama da iyalinsa. Ta biyu rina. Ta uku jemage. Ta huɗu kurciya ta yi sheƙa a kai, ta biyar iska ta kayar. Tun daga nan na naɗa shi Sarkin Zuma. In na kai masa tuwo sai in durƙusa in ce, "Ranka shi daɗe, ya talakawa? Ƙadangare ya kawo gaisuwa?"

Yakan ce, "Ke dai ɗiyar Kawu, bakinki shi ka korar su. Wa ka zama inda ba a shiru?"

Wata rana da hantsi, bayan an gama kaka, kurna ta yi fure, ina tankaɗe a tsakar gida sai na ji wani gunji kamar ruwan sama na tahowa daga nesa. Ni da ma kunne gare ni, kafin kowa ya ji na ji. Na ɗaga kai, sai ga zuma baƙi ƙirin kamar an yafa mayafi a sama. Maigida na gida ranar. Ya fito da gudu ba hula, yana cewa kowa ya yi shiru, baƙinsa sun iso. Sunka kewaya kurna sau biyu. Sunka sauka bakin amya ta farko, sunka tashi. Sunka leƙa ta biyu, sunka tashi kamar an kore su. Muna tsaye muna kallo sunka bi hujin faifan nan ɗaya bayan ɗaya, sunka shige tulun Inna.

Ni dai na koma kan tankaɗena ina ɗan rera waƙa ƙasa ƙasa, abin da ya fi magana ciwo.

Gwaggo ce ta yanke hukunci. Ta ce zuma baƙuwa ce mai albarka, gidan da ta zaɓa ba a korarta. Da ma Gwaggo ba ta da maganin da ya wuce zuma. In tari ne zuma, in maƙogwaro ne zuma da ruwan ɗumi, in ciki ya murɗa zuma, ƙuna da miki a shafa zuma, tsoho in ƙarfinsa ya ja baya a dama masa kunu da ita. Takan ce malamai sun faɗa mata Allah da kansa ya ambace ta da waraka, to wane ne boka? Abin da kawai ba ta ce zuma na magani ba shi ne taurin kai, ta ce ta gwada a kan ɗanta bai yi ba. Ba ta kiran sunansa, ɗan fari ne, sai dai ta ce "mutumin naki".

Bayan wata biyar mutumin nawa ya fara kewaye. Ya ce ai kurnar gidansu ce, don haka zumar tasa ce. Na ce tulun fa? Ya ce to a raba. Na ce ta ina za a ɗebo, bakin da hannu ba ya shiga? Ya sosa ƙeya ya ce, "Ai sai a hwasa."

Na ce, "Ranar da ka hwasa tulun ga, ka ɗaura min kayana bisa jakin da ya kawo ni."

Ya san ba taubasantaka ba ce wannan. Bai sake tayar da maganar ba. Haka tulun ya zauna can sama, zuma na shiga da fita, har tsagar nan sunka liƙe ta da danƙonsu, abin da masu ginin tukwane sunka ce ba ya yiwuwa. In na ratsa ta ƙarƙashi da rana nakan ji ƙamshin kajiji gauraye da na zuma, in ce Inna ta yi baƙi.

Da damina ta tsaya sosai na haihu, ɗiya mace. Gwaggo ta ce ba wadda za ta yi mini wankan jego sai ita. Safe da maraice tana dafa ruwa a babbar tukunya, ta gasa ni da ganye har sai na roƙe ta gafarar laifin da ban yi ba. Ana kwana goma, an yi ruwa ƙasa ta yi santsi, ta ciccibo tukunyar daga murhu, ƙafarta ta zame. Tafasasshen ruwan da ta dafa domina ya kwarare mata daga gwiwa zuwa idon sawu.

An yi abin da anka sani. An shafa tawada, an barbaɗa garin bagaruwa. Fatar ta saɓule, wurin ya ƙi kamewa, bayan mako ya fara ruwa yana wari. Malamin asibiti kuwa yana can ƙetare, gulbi ya cika ya shafe hanya, ba mai ɗaukar tsohuwa ya shiga wannan ruwa da ita. Maigida ya bi kasuwa rumfa rumfa, damina ba lokacin zuma ba ne, da ƙyar ya samo 'yar kwalba wurin wani baƙon ɗan koli. Gwaggo ta ce a ba ta ƙoƙo da ruwa. Ta ɗiga. Abin ya baje nan take ya rine ruwan.

Ta ce, "Zuma ta gaskiya nutsewa taka yi ta zauna ƙasa kamar mai sarauta. Wanga maɗin rake na. Mutumin naki ko a kasuwa zuma ba ta yarda da shi ba."

Munka yi dariya, amma duk wanda ke ɗakin ya san inda zuma ta gaskiya take. Taku goma ne daga inda take kwance. Ta ga idon ɗanta ya nufi can, sai ta ɗaga yatsa.

"Kada wanda ya dubi kurnar can. Tare munka tahi kasuwa da uwar yarinyar ga ranar da ta sai tulun, ni na ƙwanƙwasa mata shi. Ƙahwa biyu gare ni, tulun ko guda na."

Ka ji abin da ta ce. Ni kuma, in gaya maka gaskiya, sai na yi shiru. Na sunkuyar da kai ina gyara wa jaririya zane. Raina ya ce ai ita ta hana.

Kwana uku na yi cikin wannan shirun, kuma kunnen nan nawa ya hana ni sakat. Wata maƙwabciya ke zuwa yi mini wanka, ina bayan ɗaki ina jin Gwaggo. In da mutane tana ba'a, tana tambayar farashin gero. Da zarar sun fita sai in ji ta ja iska ta haƙora, a hankali, don kada a ji. In ciwon ya motsa sai carbinta ya ƙara sauri. Ba wanda ya lura sai ni, ni kuwa har ƙwayoyin nake ji suna bugun juna.

A rana ta uku Sarkin Zuma ya ce ya samo dabarar da za a tsira da ƙafa a tsira da tulu. Ya ɗaure ƙaramin ludayi a bakin kara, ya lulluɓe kansa da bargo, ya hau kurna da rana tsaka, ba hayaƙi ba komi. Ban ga abin da ya faru a sama ba. Na dai ga saukowarsa ta fi hawansa sauri, bargon ya riga shi isowa ƙasa, ludayin kuwa har yau ban san inda ya faɗa ba. Kafin la'asar fuskarsa ta zama kabewa, ido ɗaya ya rufe, leɓensa na sama ya rufe na ƙasa.

Gwaggo ta sa anka kawo mata shi ta gani. Ta dube shi ta ce, "Sarki ya kai ma talakawa ziyara, sun yi mishi goma ta arziki." Ta kama dariya, dariyar ta girgiza ƙafar, sai na ga ta damƙe bakin tabarma, hawaye na zubowa tana ci gaba da dariyar don kada mu gane. Nan ne shiruna ya ƙare. Na ce wa Maigida gobe da sassafe a aika Taloka, wurin wani tsoho da kowa ya sani da aikin amya.

Tsohon ya iso da la'asar, ɗan siriri, hannuwansa duk tabo. Ya gaida Gwaggo, ya duba ƙafar. Ya juyo ga Maigida ya ɗan shaƙi iska.

"Ɗana, mi kaka noma?"

"Albasa, Baba."

"Awo, ba sai ka hwaɗa ba. Ina kaka shanya amyoyinka?"

Maigida ya nuna rumfar albasa da leɓensa mai kumburi. Tsohon ya sa anka sauko da amya guda daga kurna, ya cusa kai ciki, ya fito da shi idonsa na ruwa. Ya ce, "Shekara biyu kana kiran baƙi zuwa ɗakin da ko kai ba ka iya kwana. Zuma hanci gare ta. Ga ɗaki mai kajiji, ga ɗaki mai albasa, kai wane za ka shiga?"

Daga cikin ɗaki Gwaggo ta ce, "Ni da na haihe shi, lokacin cirar albasa nesa nika zama."

Na durƙusa gaban tsohon na ce, "Baba, ba a iya huda shi ta gindi a tsiyaye?"

Ya ce, "Ɗiyata, saƙar zuma ba ruwa ba ta. Gina ta anka yi ciki. Ta baki ta shiga, amma ba ta nan taka hita ba. Sai dai in an bi tsagar ga a hankali, shi buɗe biyu, kada shi tarwatse."

Ya wanke amyar nan da toka, ya goge cikinta da wata ciyawa mai ƙamshi da ya zo da ita cikin jaka, ya ajiye gefe. Gab da magariba, lokacin da ƙudan ke komawa gida su lafa, ya kunna busasshen kashin shanu, ya hau ya busa musu hayaƙi har gunjinsu ya yi laushi. Ya ɗaure tulun da igiya ya zuro shi ƙasa sannu, ya kwantar bisa tabarma. Sannan ya ɗauko ɗan dutse ya miƙa wa Maigida.

Gwaggo na jiyo mu. Ta ɗaga murya ta ce, "Na ce kada ku hwasa. Wa ag gaba gidan ga?"

Maigida ya tsaya da dutse a hannu, ya dubi ƙofar uwarsa da ido ɗaya, ya dube ni. Ya tuna maganar jaki. Na miƙa hannu na ce ya ba ni. Na ce in za a fasa tulun Inna, to ɗiyarta za ta fasa, don kada in sami wanda zan riƙa yi wa gori har tsufa.

Na dafa shi, yana da ɗumi kamar jikin mutum. Na bi tsagar da dutsen, ƙwas, ƙwas. A na uku ya buɗe. Saƙa ce jere jere tun daga wuya har gindi, wata fara tas, wata ja kamar manja, wadda ta fi daɗewa. Ƙamshin da ya taso kuwa ɗakin Inna ne ranar Juma'a. Idona ya cika, na ce hayaƙi ne. Tsohon ya ce, "Awo, hayaƙin ga na da yaji," bai dube ni ba. Ƙuda guda ya harbe ni a wuyan hannu, na ce na yarda, da haƙƙinsu.

Ya yanke saƙar da ke da zuma ya zuba a ƙwarya. Mai 'ya'yan kuma ya ɗauke ta a hankali, da uwarsu, ya sa cikin amyar da ya gyara, ya mayar bisa kurna. Haka Sarkin Zuma ya samu talakawansa na farko, ba da son ransu ba.

Ni na riƙa yi wa Gwaggo wankin ƙafar, safe da maraice, yadda tsohon ya nuna. A wanke da ruwan ɗumi da ɗan gishiri, a shafa zuma da gashin kaza, a rufe da tsumma mai tsabta. Kwana biyu ba ta yi mini magana ba. In na shigo sai ta juyar da kai ga bango, amma ta miƙo ƙafar. A rana ta uku ta ce wa bangon, "Ka gaya ma wagga mai taurin kai ta lasa min kaɗan, ba ƙahwa kaɗai ka son zaƙi ba."

Cikin mako warin ya ɗauke. Wurin ya yi ja, ya fara haɗewa daga gefe gefe. Ko zumar ce kaɗai, ko wankin ne, ko kwananta ne ke gaba, Allah ya bar wa kansa sani. Ni dai abin da idona ya gani nake faɗa. Ranar da na yi arba'in da sandarta ta fito, ta ce ruwan ƙarshe ita za ta dafa, sai da munka ɓoye tukunyar. Ragowar zumar an dama mini kunu da ita, an raba wa maƙwabta masu tari. Maigida ma tari ya kama shi a lokacin, irin wanda ba ya tashi sai ya ga an buɗe ƙwarya.

Ɓarin tulun na sama ya ƙarasa karyewa. Gindin ne ya rage, shi na mayar kaskon turare. Da kaka ta zagayo Maigida ya zo yana sosa ƙeya, wai in ara masa kaskon da ɗan kajiji. Na ce sai ya wanke hannu da toka sau uku, kuma amya ba ta ƙara kusantar rumfar albasa. Ya yi. A shekarar zuma ta shiga uku. Har ya koma ga Allah yana gaya wa mutane shi ya gano sirrin, ni kuma ina bayan zana ina gyaran murya.

Gwaggo ta ƙara shekaru masu yawa, da tabonta mai sheƙi. Duk ranar da ta gan ni na tsura wa kaskon nan ido, sai ta ɗage zane ta buga ƙafar a ƙasa ta ce, "Mi kika kallo can? Ga tulun uwarki nan shina tahiya."

Ban taɓa nadamar fasa shi ba. Kwana ukun nan ne har yau ke ɗan sosa mini rai, kwana ukun da na yi ina jin carbinta ina gyaran zanen jaririya. Na taɓa faɗa mata, ta ce da ita ce sai ta yi bakwai, amma Gwaggo ba a gane gaskiyarta da ba'arta. Shi ya sa nake tambayarka, tun da ka zauna ka ji. In kai ne, abin uwarka guda ɗaya tak, kwana nawa za ka yi kafin ka ce a miƙo maka dutsen?